Yadda Fara Ta So Canja wa Kevina Uba

Duk wanda ya je bikin gabatar da angon Nalubega a nan Nyendo ya ga abin da ya faru, don haka ba asirin kowa zan tona ba. Maƙwabciyata Kevina Namatovu ita ce gwaggon amarya, kuma kun san a irin wannan rana gwaggo ce gaba da kowa. Ita za ta fito da rawa cikin gomesi, doguwar rigar matanmu mai ɗamara, ta ratsa rumfar baƙi tana leƙa fuskoki kamar ba ta san wanda take nema ba, sannan ta maƙala wa ango fure a ƙirji, kowa ya gane surukin gida. Kevina ta daɗe tana gwada wannan rawar a bayan ɗakinta. Ta kan katanga nake kallo ina ba ta maki, ban taɓa ba ta wanda ya wuce rabi ba.

Ranar bikin, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Watan fara ne, irin koriyar nan tamu da muke kira nsenene, ni kuma aka ba aikin suya tunda sana'ata ke nan. Ina tsugune gaban kasko a bayan gida sai ga ta, an ɗaure ta da ɗamara kamar buhun da za a aika Kampala.

Ta ce, "Nalongo, yunwa za ta kayar da ni kafin a kira ni."

Na ce, "Ga dafaffiyar ayabar matoke can a tukunya."

"Miya za ta ɓata mini riga. Zuba mini wannan."

Na zuba mata a tafin hannu, ta watsa a baki, ta sake miƙo hannu. Na ƙara. Ta ƙara miƙowa. Na ce mata gwaggon amarya ce ko kazar gida, ba ta kula ni ba. Tana cikin lashe yatsu aka kira ta a lasifika, makaɗa suka ɗauka, ta gyara kafaɗun riga ta fita.

Na bar kasko na bi ta don in ga rawar da na sha wahalar koyarwa. Taku na farko lafiya. Tana kaiwa tsakiyar fili na ga tana sosa wuya. Kafin ta isa rumfar baƙi leɓenta na sama ya riga ta isa. Idanunta suka shige ciki, kumatu suka taso, fuska ta zama kamar ƙullun da ya kwana da yis. Amma Kevina ba ta san a fasa abu ba. Haka ta ci gaba da rawa tana laluben hanya, ta wuce ango yana ta gyara kwat yana murmushi, ta je ta tsaya gaban wani tsoho mai sanƙo, kawun ango, mutum mai jikoki cike da gida, ta maƙala masa furen.

Tsohon bai yi gardama ba. Miƙewa ya yi ya gyara kanzu, doguwar rigar nan ta maza, ya ɗaga wa jama'a hannu. Mai magana da yawun baƙi ya ce ai su ma sun daɗe suna neman wanda zai karɓe musu shi. Fili ya kaure da dariya, ni har da zama a ƙasa.

Sai na ji an kama mini hannu. Kevina ce, muryarta ta koma kamar ta mai busa ta cikin kara. Ta ce, "Maƙogwarona yana rufewa. Nemo mai acaɓa."

A nan dariyata ta tsaya. Muka ɗora ta da gomesinta da komai, na hau bayanta ina riƙe da ita, sai ƙaramin asibitin da take aiki. Ita da kanta ta nuna wa abokiyar aikinta allurar da za a yi mata, ta nuna cinya da yatsa don magana ta gagara. Aka soka mata, aka sa mata iska a hanci. Zuwa la'asar numfashi ya dawo, ta buɗe ido ɗaya ta tambaye ni ko an ba ango furensa.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai za mu sha mu wuce. To amma a rumfar 'yan gida akwai Baffa Muwonge, ƙanen mahaifin Kevina, tsoho mai sanda da kwat ɗaya tun zamanin da kofi yake da daraja. Ana cikin hayaniyar fita da ita sai ya gyara zama, ya ce da na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma yadda na baya za su ji, "Ikon Allah. 'Yar dangin Mazo, fara ta kama ta. Ni dai tun da nake, ɗan dangin Fara kaɗai na san fara tana kumburawa."

A wurinmu ba sai an ƙara kalma a kan wannan ba. Kowa dangin ubansa yake bi, kowane dangi kuma da abin da ba ya ci. Ni 'yar dangin Gaiwa ce, ko yunwa za ta kashe ni ba na taɓa gaiwa, tun muna yara aka ce mana wanda ya ci kan gidansu jikinsa zai yi ruɗu-ruɗu ya kumbura. To, in fara ta kumbura Kevina, ita ce kan gidansu ke nan. In kuwa ita ce kan gidansu, marigayi Lubega ba ubanta ba ne. Kafin a gama rabon abinci wasu tsofaffi sun tuno cewa shekarun da Lubega yake aikin ma'adinai a Kilembe, akwai wani tela mai suna Kalanzi, ɗan dangin Fara, da shagonsa ke jingine da gidan. Telan ya daɗe a ƙasa, ba zai tashi ya kare kansa ba. Uwar Kevina kuwa, Kaka Nakabugo, tana nan da ranta, zaune a kan tabarma a cikin wannan rumfar, tana jin komai.

Bari in ba ku labarin Kevina kaɗan, don ku san wadda ake wa wannan ƙazafin. Da aka kawo ni Nyendo amarya, tana firamare, 'yar siririya mai manyan kunnuwa, kullum da ƙyalle a hannu tana ɗaure wa kaji ƙafa ko sun karye ko ba su karye ba. Uwarta mutuniyar da ce, tana riƙe da tsohuwar al'adar nan cewa mace ba ta cin fara, nata dai ta fige fukafukai da ƙafafu ta soya wa maigida. In watan ya kama, za ka ga Kevina a ƙofar gida gaban faranti, yatsu cikin toka tana figa, tana atishawa, ido ja wur, hannu duk ya yi borin jini. Uwar ta ce lalaci ne, yarinya ba ta son aiki. Mu ma haka muka ɗauka. Sai da ta tafi makarantar koyon jinya ta fara ɗanɗanawa a ɓoye, ɗaya biyu, in bakinta ya yi ƙaiƙayi ta ce barkono ne ya yi yawa. Ba ta taɓa yi mata cin yunwa ba sai ranar bikin nan.

Da shara ta fara a asibitin mishan, daga nan wankin zanin gado, daga nan wata tsohuwar sista ta lura yarinyar ba ta tsoron jini ta tura ta karatu. Ta fito nas, ta auri Ssali makaniki, mutum mai shiru kamar an cire masa batir, suka gina a filin da ke tsakanin gidana da na uwarta. 'Ya'yansu uku. Tagwayena da suka sa ake kira na Nalongo, ita ta karɓi haihuwarsu, tana gaya mini in rage ihu in ƙara nishi. Babu yaron unguwar nan da bai san hannunta ba. Magana ba ta dame ta ba, in ka yi mata tambaya sai ta dube ka tukuna kamar tana auna maka zafin jiki, sannan ta amsa.

Ta haura arba'in sai ta ce za ta koma makaranta ta ƙara zurfi a aikin jinya. Na ce mata wa ya ga kaka da jakar littafi. Ta tafi abinta, tana zama aji ɗaya da sa'o'in 'yarta, safe aiki, yamma karatu. In ta dawo sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar fiya ta buɗe wani littafi mai kaurin bulo, tana karantawa da ƙarfi. Ni da na tsaya a aji huɗu, ta kan katanga na yi rabin digiri.

Bayan bikin da 'yan kwanaki, fuska ta saɓe, na leƙa ta da kofin shayi. Tana gindin fiyar da littafin.

Na ce, "Likita, ina angonki mai sanƙo? Ya aiko da kayan gaisuwa?"

Ta ce, "Ya ce sai kin rabu da mijinki Ssalongo, ke yake so."

"Allah ya kiyaye. Me kike karantawa?"

Ta juyo mini da shafin, wasu ƙwallaye ne masu ƙahoni. Ta ce, "Abin kunya, babin da za mu yi jarrabawa a kansa ke nan. Na yi wata ina haddace shi, ban gane da ni yake ba."

Na zauna na ce ta karanta mini, amma da yaren mutane.

Ta ce a jikin kowa akwai masu gadi, su ake kira garkuwar jiki. Aikinsu su gane ɓarawo, wato ƙwayar cuta, su kashe shi, su kuma riƙe fuskarsa don gaba. Wani mutum masu gadinsa barci suke yi, kowace cuta ta shigo ta yi yadda take so. Wani kuma nasa sun cika zafin kai, baƙon kirki ya yi sallama su hau shi da duka, garin dukan su farfasa kayan gida.

Na ce, "Karen mijinki ke nan. Ya ciji mai wa'azi, ya bar wanda ya sace injin ban-ruwa."

"To, shi. Tun ina yarinya ina figar fara masu gadina suka rubuta sunanta cikin ɓarayi. Atishawar nan da Mama take cewa lalaci, gargaɗi ne. Ranar biki na tura musu ita da yawa lokaci ɗaya, suka buga ƙararrawa a duk jiki, jijiyoyi suka saki ruwa, hanyar iska ta matse."

Ta ce irin nata shi ne mai saurin fushi, kafin ka wanke hannu ya tashi, haka yake yi wa wasu da harbin zuma ko gyaɗa. Akwai mai riƙo, wanda sai bayan kwana biyu zai nuna, kamar yadda ɗan kunnen gwangwani yake cinye mini kunne. Na ce wannan halin uwar mijina ne. Akwai kuma wanda masu gadin ke rikicewa su hau 'yan gida, su kama gaɓoɓi ko ƙoda ko jinin mutum da kansa su yi ta duka, kamar ba tare suka kwana ba. Da ta faɗi wannan sai ta dubi ƙofar uwarta da ke rufe.

Ƙofar nan tun ranar biki ba ta buɗe sosai ba. Kaka Nakabugo da kullum take bakin hanya tana saƙar tabarma tana gaisawa da masu wucewa, ta koma bayan ɗaki. Lahadi ta zo, ƙararrawar coci ta buga, tsohuwar da ko ruwan sama bai taɓa hana ta ba ta ce ƙafa ke ciwo. Na kai mata ayaba, na same ta da kaba a cinya ba ta saƙa komai. Na yi ta zuba mata shirme don ta yi dariya, sai cewa ta yi, "Nalongo, shekara nawa na yi ina jiran mutumin nan ya dawo daga Kilembe da tari da jaka ɗaya. Ashe abin da za a tuna da ni ke nan." Na ajiye mata ayabar, na tashi na fito.

Ga kuma abin da ke tafe. Lubega ya rasu bara, ba a yi masa bikin ƙarshe ba tukuna, ranar da dangi ke taruwa a naɗa magaji, a jera 'ya'yan mamaci a kan shimfiɗar ɓawon itace, kowa ya gan su ya san su. Baffa Muwonge ya riga ya faɗa a mashaya cewa ba zai zuba ido a zaunar da 'yar tela a kan shimfiɗar wansa ba. In aka tayar da Kevina a gaban dangi ranar nan, an gama yanke wa tsohuwa hukunci ke nan, da wannan sunan za ta shiga kabari.

Kevina ta ɗauki littafinta da sukari da burodi ta tafi gidan Baffa. Na bi ta, wai zan sayi rogo a wajen matarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta buɗe shafin ƙwallayen, ta yi masa bayanin masu gadi tiryan-tiryan. Ta ce masa abin da ake gada shi ne jiki mai saurin fushi, ba abin da jikin zai yi fushi da shi ba. Ta tuna masa yadda ƙirjin Lubega yake kukan kyanwa duk damina, da yadda ƙurar buhun kofi take hana shi numfashi. Ta ce, "Baffa, in ma gado ake nema, wajen Baba na gado."

Ya karɓi burodin ya ajiye a gefe. Ya ce, "'Yata, wanda ya rubuta littafin nan, ɗan wane dangi ne?"

"Bature ne, Baffa."

"To, ka ji. Mutumin da ba shi da kan gida, me ya sani game da kan gida? Ruwa ba ya tsami banza."

A hanyar dawowa na ce mata ta bar ni da shi, bakina ya fi littafinta kaifi. Ta ce, "Baffa ba mugu ba ne. Ya yarda da abin da yake faɗa, shi ya sa abin ya fi wuya."

Ssali, da bakinsa ya buɗe sau ɗaya a wannan shekarar, ya ce a je Kampala a gwada jininta da na wanta, takarda ta yi magana. Kevina ta ce a'a. Ta ce ranar da ta kai jininta a auna don a gane ko uwarta ta yi ƙarya, ranar ita ma ta shiga layin masu tambaya, kuma tsohuwa za ta sani.

Ni ma na kawo tawa shawarar. Shekara da shekaru ina soya fara a bakin titin Masaka, na san wanda yake saye ta gaba, na san wanda yake zagayowa ta baya da baƙar leda. 'Yan dangin Fara nawa ne suke ce mini wai na maƙwabci ne, su shiga lungu su cinye, su fito suna goge baki, ko ƙurji ɗaya babu. Har da jikan shi Kalanzin, wanda in ya ci sai ya nemi ƙarin albasa. Na ce zan tsaya gaban dangi in kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ki tona wa mutane asiri don ki wanke ni? Gobe wa zai sayi fararki?"

"To ke fa? Duk watan fara ba cika muku asibiti ake yi da masu kumburi ba? 'Yan Biri, 'yan Damisa, har da mu 'yan Gaiwa. Faɗi sunansu."

"Wanda ya zo hannuna a kwance, ba na fita da sunansa."

Na ce to sai ta zauna da amanarta, a tayar da ita kamar kazar da ta hau tabarmar baƙi. Ta dube ni irin kallon nan nata na auna zafi, ta koma kan littafinta. Cikin watannin nan ta yi jarrabawarta ta ci. Ta sa allurar nan a jakar hannunta, duk inda za ta je da ita. In ina suya ba ta zuwa kusa da hayaƙin, ta nesa muke faɗa. Kullum da yamma sai ta shiga wajen uwarta ta auna mata jini, ta ɗan zauna da ita, ta fito.

Ranar bikin ƙarshe ta zo. Aka taru a ƙauyensu Lubega, cikin gonar ayaba inda kaburburan gidan suke. An kwana ana kaɗe-kaɗe, da safe rana ta fito fes. Kevina da kanta ta ɗaura wa uwarta gomesi, ta kamo hannunta ta fito da ita, ta zaunar da ita inda matar mamaci ke zama. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, tabarma kawai take kallo. Ni ba danginsu ba ce, amma an ɗauke ni aikin tukunya, na kuwa kafa murhuna inda kunnena zai kai.

Dattijo Kasozi, wanda ya zo a madadin shugaban dangi, ya sa aka shimfiɗa ɓawon itace. Aka yafa wa babban ɗa mayafi aka ba shi mashi. Sannan ya ce 'ya'yan marigayi su matso. Suka taso ɗaya bayan ɗaya. Kevina na ɗaga ƙafa sai sandar Baffa Muwonge ta gitta gabanta.

Ya ce, "Dattawa, akwai magana. Wannan yarinya kowa ya ga abin da fara ta yi mata a bainar jama'a. Ni ba zan ce komai ba. Jini ne ya yi magana."

Na ajiye ludayi na fara gyara ɗaurin zani, don na yi niyyar kiran sunayen nan da ta hana ni kira. Kevina ta girgiza mini kai. Ta durƙusa gaban Baffa a kan gwiwa biyu, hannu a cinya, muryarta kamar tana tambayar mara lafiya yadda ya kwana.

Ta ce, "Na ji, Baffa. Kafin in koma baya, ina roƙon abu ɗaya. Akwai yara a nan da ba su san wahalar da kuka sha ba. Ka ba su labarin shekarar da ƙusa ta soke ka a Mbarara."

Na ga gemunsa ya motsa. Wannan tsoho, in kana so ya manta da abincinsa, ka ambaci Mbarara. Ya dubi jama'a, ya ga kowa shi yake kallo, ya janye sandar ya dogara a kanta.

Ya ce, "Wannan ai mutuwa ce na gani da idona. Ƙusa ce mai tsatsa, ƙafa ta ruɓe, aka kai ni asibiti. Suka ce za su yi mini allurar fenisilin, wadda ake yi wa kowa. Mutum goma a gabana an yi musu sun tafi gida. Ni ana zare allurar, sai na ji kamar an zuba mini tururuwa a riga. Harshena ya cika bakina. Idanuna suka rufe. Kaina ya zama kamar kabewa, matata ta shigo ta wuce ni tana tambaya ina mijinta. Har fada na coci aka kira ya shafa mini mai. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa, ya ce kada in sake yarda a yi mini ita har in mutu."

Kevina ta ce, "Allah sarki. Kumburi irin nawa ke nan."

Ya ce, "Naki? Naki wasan yara ne. Ke da kika iya rawa. Ni mutum huɗu ne suka ɗauke ni."

Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen Dattijo Kasozi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni karatuna na asibiti ne, na dangi ku ne malamai. A cikin dangoginmu, wanne ne kan gidansu fenisilin?"

Dattijon ya kau da kai yana danne dariya. Kafaɗunsa suka fara rawa. Wata tsohuwa a baya ta kasa riƙewa ta saki dariya, daga nan ta bazu har wajen masu tukunya, ni kuwa dama a cike nake. Na dubi Kaka Nakabugo. Ta ɗago kai, ta sa gefen ɗamara ta rufe baki, amma idanunta sun tona ta.

Baffa ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wannan magani ne, daban yake da abin da kakanni suka hana."

Dattijo Kasozi ya share ido da hannun kanzu ya ce, "Muwonge, zauna ka huta. Namatovu 'yar Lubega, hau shimfiɗar ubanki."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ta taka a hankali ta zauna tsakanin wanta da ƙanwarta, ta gyara riga. Baffa ya koma kujerarsa, amma bakinsa bai koma ba. Yana zama yana gunaguni yadda kowa zai ji, wai shi dai ya sani jiki ba ya kumbura haka kawai, jini ya san mai shi.

Kevina ta juyo daga kan shimfiɗar ta ce, "Gaskiyarka, Baffa. Sai ka faɗa wa dangi wane mai kemis ne ya yi maƙwabtaka da kakata da ta haife ka, mu san gidan da za mu mayar da kai."